Bindigar da Ba Ta Gaduwa: Hanyoyin da Suka Rage wa Tsofaffin Masu Tarin Bindigogin Hannu a Kanada

A Kanada akwai wani rukunin mutane da aka daɗe da rufe ƙofar shiga cikinsa, kullum sai raguwa yake yi. Su ne waɗanda dokar makamai ta 1995 ta tarar da wasu ƙananan bindigogin hannu a wurinsu, ta haramta bindigogin ga kowa, amma ta bar su a hannun masu su har iyakar rayuwarsu. A jikin katin lasisinsu akwai lamba 12(6), wato sashen dokar da ya yi musu wannan alfarma, kuma da wannan lamba ake kiran su da bindigogin nasu a tsakanin masu harkar. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance yana da takardar rajistar irin wannan bindiga a ranar 1 ga Disamba, 1998, ko kuma ya riga ya nemi takardar kafin ranar aka ba shi daga baya, sannan tun daga lokacin bai taɓa zama ba tare da rajistar aƙalla guda ɗaya ba. Tunda ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba rajista, mafi ƙuruciya a cikinsu haihuwar 1980 ne, akasarinsu kuwa sun riga sun manyanta tun kafin a yi dokar. Yau tambayar da ke gabansu, da gaban matansu da 'ya'yansu, ita ce inda waɗannan bindigogi za su dosa.

Da awo biyu dokar ta yi aiki. Duk bindigar hannu da tsawon bututunta bai wuce milimita 105 ba, da duk wadda aka ƙera don harsashi mai lamba .25 ko .32, ta shiga sahun haramtattu, in ban da 'yan ƙalilan da ake gasar harbi ta duniya da su. Gwamnatin Jean Chrétien ce ta gabatar da ƙudirin ta hannun ministan shari'a Allan Rock a ranar 14 ga Fabrairu, 1995, a lokacin da ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga kisan mata 14 a makarantar Polytechnique ta Montreal a 1989 da kisan malamai huɗu a Jami'ar Concordia a 1992 ba. Hujjar gwamnati ita ce ƙaramar bindiga mai arha da ke ɓacewa a aljihu ta fi amfanar mai laifi fiye da mai wasan harbi, kuma hujja ce mai ƙarfi wadda ban ga laifin wanda ya tsaya a kanta ba. Sai dai ma'aunin milimita kuɗin goro ya yi. Inci huɗu milimita 101.6 ne, don haka libarba mai bututu inci huɗu, irin wadda 'yan sandan Arewacin Amurka suka yi shekaru suna ratayawa, ta faɗa ciki. Haka Luger ta sojojin Jamus, mai bututu milimita 100, da Walther PPK da Mauser HSc da Browning 1910 da Colt 1903 masu cin harsashi .32. Walther P38 kuwa, wadda aka yi yaƙi ɗaya da ita da Luger, ta tsira saboda bututunta milimita 125 ne. Daga baya kamfanoni suka riƙa ƙera wa kasuwar Kanada bututu mai milimita 106 don su tsallake layin.

Tun daga 1998 har zuwa 2022, masu lamba 12(6) suna iya saye da sayarwa a tsakaninsu. Kasuwa ce rufaffiya wadda masu saye ke raguwa a cikinta kowace shekara, shi ya sa farashi ya kasance ƙasa da na Amurka, amma dai kasuwa ce. Akwai kuma wata 'yar ƙofa a sashe na 12(7): idan an ƙera bindigar kafin 1946, mata ko miji, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ɗa ko jika na iya samun lasisin riƙe wannan bindiga ɗaya tak. An bar ƙofar ne saboda bindigogin da sojoji suka dawo da su daga yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma dattawa da yawa a kanta suka ɗora wasiyyarsu.

Wannan lissafi ya rushe a ranar 21 ga Oktoba, 2022, lokacin da gwamnatin Justin Trudeau ta dakatar da saye da sayarwa da miƙa bindigogin hannu a tsakanin ɗaiɗaikun mutane a duk faɗin ƙasar. Ƙudirin C-21 ya mayar da dakatarwar doka a ranar 15 ga Disamba, 2023. Yanzu ba a ba ɗaiɗaikun mutane sabuwar takardar rajistar bindigar hannu, sai waɗanda ke da izinin ɗaukar bindiga, kamar masu gadin motocin kuɗi, da 'yan wasan harbi na gasar Olamfik da ta nakasassu da masu horar da su. Gado ma miƙawa ne a idon doka, don haka sashe na 12(7) yana nan a rubuce amma ba ya iya kai bindiga hannun magaji. Wanda ya saba ganin takobin kaka na wucewa daga uba zuwa ɗa zai gane nauyin abin a zuciyar waɗannan mutane: dukiya ce halattacciya, mai rajista, wadda darajarta ke cikin gado, amma ita kanta ba ta gaduwa.

Don maganar ta fito fili, mu ɗauki misalin wani dattijo mai shekara 78 a wani ƙaramin gari na lardin Ontario, wanda ke da bindigogi shida a sef ɗin ƙarfe a ɗakin ƙasa na gidansa. Ɗaya Luger ce da mahaifinsa ya dawo da ita daga Holan a 1945, bayan sojojin Kanada sun taimaka wajen ƙwato ƙasar daga hannun Jamusawa. Idan ya zaro ta daga kubenta na fata da ya yi baƙi don tsufa, zai nuna maka lambobi biyu na ƙarshen lambar bindigar an buga su a jikin ƙananan ƙarafunanta, har a kan kunama, shaidar cewa ba a taɓa musanya mata komai ba. Biyu, Walther PPK da Browning 1910, ya saye su a wajen baje kolin bindigogi a shekarun 1980. Biyu kuma libarba ne masu bututu inci huɗu da yake zuwa filin harbi da su, ta shida kuwa wata 'yar mitsitsiya ce mai harsashi .25 wadda ba ta da wani suna a kasuwa. Doka ta sa su duka a aji ɗaya, amma hanyar da ta dace da kowace daban take, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su nemi mafita ɗaya ga sef ɗin gaba ɗaya.

Hanyar da akasari ke bi, sau da yawa ba tare da sun zauna sun zaɓe ta ba, ita ce a ci gaba da riƙewa. Doka ta yarda da haka. Mai bindigar zai sabunta lasisinsa duk shekara biyar, ya ajiye bindigogin babu harsashi a ciki, a kulle yadda ƙa'ida ta tanada, kuma ya tabbatar wa Babban Jami'in Makamai na lardinsa cewa har yanzu yana riƙe da su don harbin filin wasa ko don tari. Wanda ya yi rajista a matsayin mai tari ana sa ran ya san tarihi da fasahar abin da yake tarawa, kuma ya yarda a zo a duba ma'ajiyarsa. Wani abin da ya bambanta bindigogin 12(6) da sauran haramtattu, kamar masu sarrafa kansu da aka yi wa irin wannan alfarma tun 1978, shi ne ana iya kai su filin harbi da hukuma ta amince da shi, muddin akwai izinin ɗauka. Ga dattijon da har yanzu yake da lafiya, wanda zuwa filin harbi ranar Asabar shi ne abin da ke haɗa shi da abokansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na ganin daidai ne 'ya'ya su matsa masa ya rabu da shi don kawai hankalinsu ya kwanta.

Amma riƙewa tana da rami, kuma tsufa ne ke haƙa shi. Alfarmar ta rataya ne a kan rajistar da ba ta taɓa yankewa ba. Idan lasisi ya ƙare akwai rangwamen wata shida na sabuntawa, wanda a cikinsa ba a amfani da bindigar. Idan wa'adin ya wuce, mutum na iya rasa alfarmar har abada, ya kuma wayi gari yana riƙe da haramtaccen makami babu izini, wanda laifi ne a kundin manyan laifuka na ƙasar. Wasiƙar tunatarwa kan tafi tsohon adireshi, ko ta iso lokacin da mai ita ke kwance a asibiti. Mantuwar tsufa kan sallama, jami'in makamai kuma na da ikon janye lasisi idan ya ga haɗari ga mai shi ko ga wasu. Sai kuma ranar da za a sayar da gidan a koma gidan kula da tsofaffi, inda babu wurin sef kuma ba a karɓar makami. Duk wannan kafin a zo maganar mutuwa. Idan ya rasu, wasiyyinsa na da damar riƙe bindigogin na ɗan lokaci ko da ba shi da lasisi, matuƙar kotu ba ta hana shi riƙe makami ba, bayan ya cike fom mai lamba RCMP 6016 ya miƙa wa hukumar makamai tare da shaidar rasuwa. Daga nan hanyoyin da ke gabansa su ne dai waɗanda suka kasance gaban mamacin, sai dai shi zai bi su cikin zaman makoki, ba tare da ya san Luger daga 'yar mitsitsiyar .25 ba, kuma cikin gaggawar a fitar da abin daga gida. A irin wannan hali ne tarin shekara arba'in ke tafiya a kuɗi ƙalilan ko ya ƙare a tukunyar narka ƙarfe.

Wasu sukan ce suna jiran a sauya gwamnati a soke dokar. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta yi adawa da C-21, gaskiya ne, amma zaɓen Afrilu 2025 ya bar jam'iyyar Liberal a kan mulki ƙarƙashin Mark Carney. Ya kamata kuma a tuna cewa Stephen Harper na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya yi mulki daga 2006 zuwa 2015, ya soke rajistar dogayen bindigogi a 2012, amma bai taɓa layin milimita 105 ba. Ko da wata rana an ɗage dakatarwar, abin da zai dawo shi ne rufaffiyar kasuwar nan da ƙofar 12(7) ga bindigogin kafin 1946. Ga mai shekara 50 wannan fata ce mai ma'ana. Ga mai shekara 80 jiran gawon shanu ne, kuma iyalinsa ne za su biya kuɗin jiran.

Sayarwa ga kamfani mai lasisi ita ce hanya mafi sauri, domin dakatarwar ba ta hana miƙa bindiga ga 'yan kasuwar da lasisinsu ya ba su damar riƙe haramtattun bindigogin hannu ba. Ana neman amincewar hukuma, a sauya rajista zuwa sunan kamfanin, magana ta ƙare. Matsalar farashi ne. Ɗan kasuwan ba zai iya sayar wa talakan mai saye a cikin ƙasa ba. Sai dai ya sayar wa wani kamfanin, ko masu ba 'yan fim hayar makamai, ko ya cire kayan gyara, ko ya tara ya fitar waje. Ya san mai sayarwa ba shi da zaɓi da yawa, tayinsa kuma zai nuna hakan. Ga libarba biyun dattijon nan, waɗanda aka ƙera ire-irensu da yawan gaske, wannan hanya ba ta da laifi: da babu gara ba daɗi. Ga Luger mai lambobi cikakku kuwa asara ce babba. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi tayi a rubuce daga wurare aƙalla uku, ya kuma tambaya ko za su karɓa a matsayin dillalai su sayar a waje su cire la'adarsu, maimakon su saya kai tsaye.

Wannan ya kawo mu ga fitarwa waje, hanyar da ta fi kowace iya dawo da ainihin darajar bindiga, kuma ta fi kowace wahala. Daga ɓangaren Kanada ana buƙatar takardar izinin fitarwa daga ma'aikatar harkokin waje, wadda ba ta bayarwa sai ta ga izinin shigarwa daga ƙasar da za a kai kayan. Idan bindigar tsohuwa ce mai daraja, dokar kare kayan tarihi na iya buƙatar wani izinin na daban kafin ta bar ƙasar. Babbar kasuwa Amurka ce, inda manyan gidajen gwanjo ke da masu saye da ke biyan kuɗi mai kauri a kan bindigogin yaƙin duniya. Sai dai Amurka ma tana da nata ma'aunin. Dokarta ta 1968 ta hana shigo da bindigar hannu sai wadda aka ɗauka ta dace da wasan harbi, kuma hukumar ATF mai kula da harkar makamai a can tana auna wannan da maki: fistol sai ya kai inci huɗu a tsaye da inci shida a kwance, ya kuma tara maki 75, libarba kuwa sai bututunta ya kai inci uku ta tara maki 45. Walther PPK ta gaza tsayin da ɗan kaɗan, abin da ya sa kamfanin ya fito da PPK/S don kasuwar Amurka. Ma'ana, bindigogin aljihu da Kanada ta haramta saboda ƙanƙanta, da yawansu Amurka ma ba ta karɓar su saboda wannan dalili. PPK ɗin dattijon nan da 'yar .25 ɗinsa ba za su tsallaka wannan iyaka ba, alhali Luger irin tasa an shigar da su Amurka da dama a matsayin kayan tarihi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai bindiga ba sai aiki ya yi nisa. Dole ne kayan su bi ta hannun mai lasisin shigo da makamai a Amurka, shi kuma doka ta wajabta masa ya zana sunansa da garinsu a jikin ƙarfen. Masu tari na gaske suna rage kuɗi a kan bindigar da aka yi wa wannan tambari, ko da an ɓoye shi a ƙarƙashin bututu. A haɗa da ladan mai fitarwa, da na mai shigarwa, da kuɗin jigila da inshora, da la'adar gidan gwanjo, sannan a jira watanni. Yawancin waɗannan kuɗaɗe a kan kowace bindiga ake biyan su, ko tana da tsada ko ba ta da shi, don haka bindigar da darajarta ba ta wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba na iya cinye kuɗinta a hanya. Fitarwa ta dace da 'yan ƙalilan ɗin da ke saman tari, kuma aiki ne da mai bindigar ya kamata ya yi da kansa yana da ƙarfi, domin shi ne zai iya gardama da mai kimantawa a kan abin da ke hannunsa. Ga ƙananan fistol na Turai, wasu ƙasashen nahiyar da ke ba masu tari lasisi na iya zama mafita, amma sai an sami dillalin da ya saba da hanyar.

Ba da kyauta ga gidan tarihi hanya ce da ke faranta ran masu tari da yawa idan suna tunaninta, amma ƙofarta ta fi yadda ake zato ƙunci. Dole gidan ya kasance yana da lasisin riƙe irin wannan makami, kuma dole ya so abin. Gidan Tarihin Yaƙi na Kanada da ke Ottawa, da gidajen tarihin soja na Calgary, da ƙananan gidajen tarihi na rundunoni daban-daban, ba su rasa Luger ba. Abin da suke nema shi ne labarin da ke tare da ita: sunan sojan, rundunarsa, wasiƙar da ya aiko gida, hoton da ya ɗauka, wurin da ya samo ta. Bindiga mai irin waɗannan takardu tana da kyakkyawar dama, musamman a gidan tarihin rundunar da sojan ya yi wa aiki, wadda ba ta da su kuwa sau da yawa godiya kawai ake yi a mayar. Idan aka karɓa, gidan da ke da rajistar ƙungiyar agaji na iya ba da rasit na rage haraji gwargwadon darajar abin, kuma idan darajar ta haura dala 1,000 hukumar haraji na son a sami mai kimantawa mai zaman kansa. Mai bayarwa ya sani cewa mallaka ta fita daga hannunsa, kuma bindigar na iya yin shekaru a ma'ajiya ba a fito da ita ba. Abin da ya samu shi ne ƙarfen zai zauna yadda aka ƙera shi, sunan mahaifinsa kuma na rubuce tare da shi.

Hanya ɗaya ce kawai ke barin bindigar a cikin gida bayan ran mai ita, wato a kashe ta. Ana kai ta wurin maƙerin bindiga da hukuma ta amince da shi, ya toshe mazaunin harsashi da sandar ƙarfe, ya yi walda a haɗa bututu da gangar jiki, ya lalata sassan da ke sa ta harbi, bisa ƙa'idojin da 'yan sandan tarayya na RCMP suka shimfiɗa. Idan an sanar da magatakardar makamai ya gamsu, sai a cire ta daga rajista. Daga nan ba bindiga ba ce a idon doka, jika na iya ajiye ta ba tare da lasisi ba. Masu tari suna jin zafin wannan hanya sosai, kuma ina fahimtar dalilinsu. Abin da ya sa Luger ta zama Luger shi ne gwiwar ƙarfen nan da ke lanƙwashewa sama idan an ja ta baya ta koma ta zauna daram. Bayan walda, yatsa zai ja abin ya ƙi motsi. Darajarta a kasuwa takan faɗi warwas, kuma aiki ne da ba a warware shi. Duk da haka, ina ganin masu raina wannan hanya suna auna abin da ma'aunin mai tari ne kaɗai. Jikar da ba ta taɓa harbi ba, abin da take so shi ne ta riƙe abin da kakan mahaifinta ya riƙe, ta ga kuben da lambobin, ta nuna wa 'ya'yanta. Walda ba ta rage mata komai a cikin wannan. A kashe bindiga ɗaya da iyali ke ƙauna abu ne mai ma'ana. A kashe tari gaba ɗaya ɓarna ce.

A da, akan sauya wa bindiga bututu mai tsawon milimita 106 ko fiye, a fitar da ita daga ajin haramtattu zuwa ajin masu ƙayyadadden izini, don kowane mai lasisin bindigar hannu ya iya karɓa. Dabarar ba ta taɓa yin aiki a kan .25 da .32 ba, tana ɓata asalin tsohuwar bindiga, kuma tun da dakatarwar ta shafi dukkan bindigogin hannu, ba ta kai komai hannun magaji. Kada kowa ya taɓa bututu yanzu sai ya sami amsar magatakardar makamai a rubuce. Miƙa wa 'yan sanda don a lalata kuwa kyauta ne, babu ko sisi a ciki, domin shirin diyyar gwamnatin tarayya ya shafi bindigogin da aka haramta daga Mayu 2020 zuwa gaba ne. Ga 'yar .25 ɗin nan da ba mai so, wannan ce hanya mafi sauƙi. A kira ofishin 'yan sanda tukuna a bi umarninsu, kada a ɗauki makami a shiga da shi ofis ba sanarwa. Kafin a miƙa komai kuma, a duba shekarar ƙira: bindigar hannu da aka ƙera kafin 1898, idan harsashinta ba ya cikin jerin da doka ta keɓe, tsohon kayan tarihi ce da ba ta buƙatar lasisi ko rajista, kuma ana iya gadon ta. Mai tantancewa da hukuma ta amince da shi ne zai tabbatar da haka.

Idan aka jera hanyoyin, za a ga kowace abu ɗaya take ceto ta saki saura. Fitarwa tana ceton kuɗi, amma bindigar ta bar ƙasar da dangin. Gidan tarihi yana ceton ƙarfen da labarinsa, amma kuɗi kaɗan ne kuma ba kowace ake karɓa ba. Kashewa tana barin abin a hannun jikoki, amma ta cinye darajar. Saboda haka tambayar da ta kamata dattijon ya yi wa kowace bindiga ita ce wanne daga cikin ukun nan ya fi yawa a jikinta. Da ni ne ke ba shi shawara, zan ce ya fara rabuwa da 'yar .25 ɗin da Browning tun yanzu, ya nemi dillalin da zai nemo wa PPK kasuwa, ya riƙe libarba ɗaya muddin yana iya zuwa filin harbi, wadda ita ce kuma za ta riƙe masa alfarmar idan har doka ta sassauta. Kowace bindiga da ta fita yana raye nauyi ne da ya sauke daga kan matarsa.

Luger ɗin ce ke buƙatar zaman iyali, kuma a kanta ne bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya tara 'ya'yansa ya tambaye su kai tsaye ko akwai mai son ta a gidansa ko da a kashe. Idan akwai, ya sa a yi aikin yana raye, ya zaɓi maƙerin da kansa, ya tattauna da shi yadda za a cika ƙa'ida ba tare da an ɓata fuskar ƙarfen ba. Idan babu, kuma wasiƙun mahaifinsa na nan, ya rubuta wa gidan tarihin rundunar kafin ya nemi gidan gwanjo, domin amsarsu kan ɗauki lokaci. Duk wadda ya zaɓa, ya rubuta ta a takarda ɗaya tare da jerin bindigogin da lambobin rajistarsu, da ranar da lasisinsa zai ƙare, da sunan kamfani ko gidan tarihin da ya riga ya yi magana da su, ya ajiye kwafi ɗaya a cikin sef, ɗaya wurin lauyansa, sannan ya nuna wa wasiyyinsa inda mabuɗin yake.